Gargaɗi ga Iyaye: Koko Kaɗai Ba Ya Raya Jariri

Jama'ar Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Kafur, Ƙanƙara, Faskari, Dandume da Sabuwa, a saurara. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, sanadiyyar tamowa. Kada mu ce mu 'yan kudancin jiha rumbunanmu cike suke, abin ba zai iso mu ba. Tamowa tana kama ɗan manomin da yake loda wa mota masara da waken soya a kasuwar Dandume, in dai abin da ke shiga cikin yaron tsinkakken koko ne safe da yamma.

Daga haihuwa zuwa wata 6, nono kaɗai, ko ruwa ba a ƙarawa. Da ya cika wata 6, sinadarin ƙarfen da aka haife shi da shi ya fara ƙarewa, nono kuma ba ya cike gurbin shi kaɗai. A nan ne ake sakaci. A ci gaba da shayarwa har shekara 2, amma a fara ba shi abinci sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 a kai sau 3 zuwa 4. Kunun ya yi kaurin da zai tsaya a cokali. A soya gero ko dawa da waken soya da gyaɗa, a niƙa tare, a dama, a ɗiga man gyaɗa ko manja, a sa garin zogale ko dafaffiyar kabewa.

Uwargida, kada ki jira haƙora kafin ki ba shi nama. Ki dafa nama ko 'yar hanta har ta yi lugub, ki daka a turmi mai tsabta, ki gauraya da kunu. Romo kaɗai bai wadatar ba, amfanin yana cikin tsokar. Kifi a cire ƙaya tas. Ƙwai a dafa shi sosai. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata camfi ne, kuma camfin da ya cuci yara da yawa. Maigida, ƙwan zabin da kake kaiwa kasuwa, ka rage wa ɗanka guda ɗaya.

Iyayenmu kakanni, muna roƙon ku da girman Allah a daina ɗura. Toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu yana iya tura kunun cikin huhu. Kada a tauna nama a baki a ba shi. Babu zuma kafin shekara 1. Babu gyaɗa ɗungurungum, babu tsire ko kilishi, don suna shaƙe yaro. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, dahuwa ba ta kashe ta. A wanke hannu da sabulu, kunun da ya daɗe a ajiye kuma a sake tafasa shi.

In ƙafafun yaro sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja, ko yana ramewa, ko zawo ya ƙi tsayawa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi asibitin da ya fi kusa a ranar, ko Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah Ya raya mana zuri'a.