Ciwon Da Ake Zama Da Shi: In Bugun Zuciya Ya Rikice

'Yan'uwa manoma, yawancin cututtukan da muka saba da su masu zuwa ne su wuce. Zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum, ya sha magani kwana uku, ya tashi ya ɗauki fartanyarsa. Saboda haka muka ɗauka kowane ciwo haka yake, a sha magani, a warke, a manta. Amma akwai waɗansu da in sun shiga gida sai su shimfiɗa tabarma. Hawan jini, ciwon sukari, farfaɗiya, fuka, sikila da ciwon zuciya duk irin waɗannan ne. Allura ɗaya ba ta korarsu. A wannan fitowa za mu ɗauki ɗaya wanda ba a cika gane shi a ƙauye ba, wato rikicewar bugun zuciya. Abin da za mu faɗa a kan shan magani da taimakon ƙungiya kuwa ya shafi sauran duka.

Makaɗin da ke cikin ƙirji

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama suna karɓar jini, na ƙasa suna tura shi zuwa huhu da sauran jiki. A jikin babban mutum da yake zaune yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato wajen sau 100,000 a yini da kwana.

Wa ke ba ta lokaci? A ɗakin sama na dama Allah ya sa waɗansu 'yan ƙwayoyin tsoka masu ba da ɗan ƙaramin lantarki. Su ne kamar mai gangar noma a wurin gayya. In ya kaɗa daidai, garemani sukan sauka tare, kunya ta tafi a miƙe. In ya yi gaggawa, ko ya yi nawa, ko kuwa makaɗa goma suka tashi kowa da nasa kiɗa, sai aiki ya watse. Haka yake da zuciya. Wata takan yi gudu fiye da kima, wata takan yi sanyi har jini ya kasa isa kai, wata kuma takan yi tsalle-tsalle ba tsari.

Ba kowace faɗuwar gaba ce ciwo ba. Tsoro, gudu, zazzaɓi, ciki, da ƙarancin jini duk sukan sa zuciya sauri, in dalilin ya wuce sai ta koma daidai. Wanda ya cika cin goro ko shan shayi mai kauri yakan ji ta yi ɗan tsalle jifa-jifa, wannan ma sau da yawa ba kome. Manomi ƙaƙƙarfa kuma bugunsa yakan sauka ƙasa da 60 yana lafiya lau.

Wanda muke so ku sa wa ido shi ne bugun da ba shi da tsari ko kaɗan. A nan ɗakunan sama sun bar matsawa, sai karkarwa kawai suke yi. Jini yakan kwanta a lungunsu ya yi guda. Ran da gudan ya ɓalle, sai ya bi jijiya ya toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwa. Shi ke nan, mutum ya kwana lafiya, ya tashi da shanyewar ɓarin jiki. Mai irin wannan bugu yana cikin haɗarin shanyewar jiki wajen ninki biyar fiye da wanda ba shi da shi. A garuruwanmu in haka ta faru sai a ce iska ta buge shi, ko an yi masa sammu saboda rikicin iyakar gona. An raba zumunci da yawa a kan abin da yatsu biyu a wuyan hannu za su iya ganowa tun da wuri.

Ga yadda ake yi. Mutum ya zauna ya huta minti biyar. A ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a cikin wuyan hannu daidai gindin babban yatsa. A ƙirga har minti ɗaya cikakke da agogo ko da waya. Kada a ƙirga kawai, a saurara ko tazarar da ke tsakanin bugu da bugu daidai take. In yana zuwa biyu da sauri, ya tsaya, ya zo ɗaya, ya zo uku, ko kuwa ya zauna sama da 120 alhali mutum yana hutawa ba zazzaɓi, to, a je asibiti a ce a yi awo da na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda, wadda ma'aikata ke kira I-Si-Ji. Ba ta da zafi, ba ta huda jiki, minti kaɗan ne. In kuwa akwai suma, ko ciwon ƙirji, ko haki mai hana kwanciya, ko baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, kada a jira gari ya waye.

Abin da ke kawo shi

Babban mai laifi a wurin manya shi ne hawan jini da aka bari shekara da shekaru ba magani. Zuciya tana ta tura jini da ƙarfi har ta yi kauri ta buɗe, sai kiɗan ya lalace. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko fiye, in an maimaita shi a ranaku dabam, hawan jini ne, ko da mutum ba ya jin kome. Tsufa, giya da burkutu, taba, da maƙoƙo mai aiki fiye da kima su ma suna da hannu. Maganin feshi na kashe ƙwari in ya shiga jiki da yawa yakan rikita bugun zuciya nan take, shi ya sa muke ta roƙonku ku rufe hanci da jiki, kada kuma ku yi feshi kuna fuskantar iska.

Amma akwai hanya biyu da suka fi cin matasanmu, ya kamata mu tsaya a kansu.

Ta fari, ciwon maƙogwaro na yara. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi zazzaɓi da zafin haɗiya. In wata ƙwayar cuta ce ta kawo shi, ba a kuma kashe ta da penisilin ba, bayan mako biyu ko uku gaɓoɓinsa sukan kumbura, ciwon yana tashi daga wannan gwiwa zuwa waccan. Gaɓoɓin za su warke, amma ƙofofin da ke cikin zuciya sun sami tabo. Sai yarinya ta girma, ta yi aure, ta ɗauki ciki na fari, sa'an nan abin ya fito fili da haki da kumburi da rikicewar bugu. Kai yaro wurin wanzami a cire masa beli ba ya taɓa wannan ƙwayar cuta. Maganin kwana goma, ko allura ɗaya a ɗakin magani, shi ne ke tsare zuciyar. Wanda kuma ciwon ya riga ya taɓa, akan sa shi allurar penisilin kowane mako uku ko huɗu, shekaru da yawa. Yara ba sa son ta, tana da zafi. Iyaye ku daure.

Ta biyu, kasawar zuciya bayan haihuwa. Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi ɗaruruwan mata masu shi a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suka ɗora laifi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa. Binciken da likitocinmu suka yi daga baya a asibitoci da yawa, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta aka buga a 2020, bai sami alaƙa da waɗannan al'adu ba. Abin da ya gani shi ne rama, rashin aikin yi, rashin karatu, da hawan jini a lokacin ciki. A ganinmu wannan magana ce ga maza. Mai jego tana bukatar wake, gyaɗa, ƙwai, nama da hutu. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, wadda ƙafarta ta fara kumbura ko take haki ta bar ta. Zumuntar Mata, in kun je barka ku duba ƙafafun mai jego, ku tambaye ta ko tana iya kwanciya ba tare da jingina ba.

Zama da magani

Kuskuren da ya fi kashe mutane shi ne wannan: an sha magani wata ɗaya, an ji sauƙi, an bari. Sauƙin nan aikin maganin ne. Ciwon yana nan yana jira.

Likita yakan ba da magani iri-iri, kowane da aikinsa. Akwai mai rage gudun zuciya. Ɗaya daga cikinsu, digoksin, daga ganyen wani fure aka samo shi, wani likita a Ingila mai suna William Withering ya rubuta amfaninsa tun 1785. Ashe maganin asibiti ma daga itatuwan Allah yake. Bambancin shi ne awo. Tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke kisa a wannan magani tazara kaɗan ce, wanda ya fara tashin zuciya da amai, ko yana ganin abubuwa rawaya-rawaya, ya koma asibiti a ranar. Don haka ne ma muke jin tsoron jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a kasuwa cikin gora ba awo.

Akwai mai sa fitsari don rage kumburi, a sha shi da safe. Akwai kuma mai hana jini yin guda, kamar wafarin. Mai shansa dole ya riƙa zuwa awon jini, domin in ya yi kaɗan ba ya tsarewa, in ya yi yawa jini ba ya tsayawa. Ganyaye irin su zogale, alayyafo, rama da kuka suna rage ƙarfinsa. Ba mu ce a bar miyar ganye ba, a dai ci daidai wa daida kullum, kada a yi mako ba a ci ba sa'an nan a cika kwano. Mace mai shansa in ta ga batan wata ta gaya wa likita da sauri, gama yana iya cutar ɗan tayi. Akwai sababbin magunguna da ba sa bukatar yawan awo, suna da tsada, kuma wani babban gwaji da aka buga a 2022 ya nuna cewa ga waɗanda ƙofar zuciyarsu ta lalace tun ƙuruciya, tsohon wafarin ɗin ya fi tsare rai.

Ku yi hankali da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kemis bayan an taso daga huɗa. Ibuprofen da diklofenak suna ɗaga hawan jini, suna wahalar da ƙoda, in kuma suka gamu da wafarin sukan sa zubar jini a ciki. Farasitamol ya fi sauƙi. Kowane kwali kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

In bugu ya yi sanyi ƙwarai har mutum yana faɗuwa, ƙwaya ba ta isa. Akan dasa ɗan inji mai batir a ƙarƙashin fatar ƙirji ya riƙa ba zuciya lokaci. Mutum na fari da aka dasa wa, Arne Larsson na ƙasar Suwidin, an yi masa a 1958, ya rayu har 2001 yana da shekara 86. Ana yin wannan aiki a waɗansu manyan asibitocin koyarwa na Nijeriya, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin gida ɗaya. Mai shi ya nisanci injin walda, kada kuma ya sa waya a aljihun da ke kan injin.

Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da kanwa da busasshen kifi. In uwargida ta rage a tukunyar kowa, mai ciwo ba zai ji an ware shi ba. Daddawa, albasa, citta da tafarnuwa za su cike gurbin.

Wani zai ce, ina bangaskiya? Muna yin addu'a, muna kuma shan magani. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Sa'ad da Allah ya ƙara wa Sarki Hezekiya shekara 15, annabi Ishaya ya sa aka ɗaura masa curin ɓaure a kan marurunsa. Duk mai wa'azin da ya ce wa mai farfaɗiya ko mai ciwon sukari ya zubar da maganinsa don nuna bangaskiya, dattawan ekklesiya su tsawata masa. Mai irin wannan ciwo kuma kada ya shiga azumi sai ya yi shawara da likita.

Rabon ƙungiya

Mai ciwon zuciya bai zama gawa ba. Zaman banza ma yana ƙara masa ciwo. Abin da ba zai iya ba shi ne huɗa da tsakar rana da ɗaukar buhu. Zai iya shuka da sanyin safiya, zaɓen iri, kiwon kaji da awaki, lura da lambu, riƙe littafin ƙungiya ko mabuɗin rumbu. Ma'auninsa shi ne, in yana aiki yana iya magana, ya ci gaba. In numfashi ya hana shi gama magana, ya nemi inuwa. Ranar gayya a sa gonarsa a jeri tun farkon damina, kada a bar shi sai ya roƙa, domin akwai waɗanda kunya za ta sa su mutu a bakin kunya.

Mun lura cewa magani yakan yanke ne a watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi kuma ya tafi ga taki. Saboda haka shawararmu ita ce a yi tanadin magani da kaka. Kowace ƙungiya ta ware mudu kaɗan daga kowane buhu zuwa asusun marasa lafiya, a sayar sa'ad da hatsi ya yi daraja, a rubuta shiga da fita a karanta a gaban kowa. Daga wannan asusu za a iya sayen na'urar awon hawan jini mai batir guda ɗaya, a koya wa mutum biyu, namiji da mace, su riƙa auna mutane bayan sujada sau ɗaya a wata, maƙwabtanmu Musulmi ma a gayyace su. Waɗannan na'urori sukan ruɗe in bugu ba shi da tsari, don haka a haɗa da awon yatsu. Masu awon su riƙe asirin mutane, kada su ba da magani, aikinsu su rubuta su tura ɗakin magani.

Kowane mai ciwo ya sami ɗan littafi na makaranta, a rubuta sunan maganinsa, yawan da yake sha, awonsa, da ranar komawa asibiti. In waɗanda ke zuwa asibiti ɗaya sun kai uku ko huɗu, su roƙi a ba su rana ɗaya, su haɗa kuɗin mota. Sakataren ƙungiya kuma ya je ofishin hukumar inshorar lafiya ta jiharsa ya tambayi yadda ƙungiya za ta yi rajista a dunƙule, da asibitin da za a haɗa ta da shi, ya kawo amsa a taro na gaba.