Abin Da Ke Sa Ƙwayar Mashaƙo Ta Yi Kisa

Daga ƙarshen shekarar 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Kano da wasu jihohi, ta ɗauke yara da yawa. Tambayar da takan taso mana a ajin kimiyya ita ce: yaya ƙwaya ɗaya za ta kashe wannan yaro, wancan kuma tana maƙogwaronsa yana wasansa lafiya lau?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A 1884 Friedrich Loeffler na Jamus, wanda ya fara renon ƙwayar a ɗakin gwaji, ya same ta a maƙogwaron wani yaro mai ƙoshin lafiya. A 1888 Roux da Yersin na Faransa suka nuna cewa dafin da ƙwayar ke zubarwa ne ke ɓarna, ya bi jini ya lalata zuciya da jijiyoyi. To, amma ba kowace ce ke da dafin ba.

Kowace halitta tana da ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke cikinta na yadda za ta ƙera abubuwan jikinta. Ƙwayar mashaƙo tana da su fiye da 2,000. Wanne ne na dafi? A 1951 Victor Freeman a Amurka ya sa wani bairas mai kama bakteriya cikin ƙwayoyin da ba su da dafi, sai ga su suna fitar da shi. Ashe aron makami suke yi! A 1971 Uchida da abokan aikinsa suka gurɓata ƙwayar gado ɗaya ta wannan bairas, abin da aka samu ya fito ba dafi.

Wannan hanya ce Stanley Falkow ya tsara a 1988. Bai isa a ga ƙwayar gadon a cikin masu kawo cuta ba, gama wanda aka gani a kasuwa ranar sata ba lalle shi ne ɓarawo ba. Sai an lalata ta an ga cutar ta ragu, sannan a mayar da ita a ga cutar ta dawo. A ganinmu mataki na uku ne ya fi nauyi, shi ne kuma ɗalibai suka fi mantawa a jarrabawa.

Allurar rigakafin mashaƙo dafin nan ne da aka kashe wa ƙarfi. Saboda haka yaron da aka yi wa ita yana iya ɗaukar ƙwayar bai kwanta ba, ya kai wa ƙanensa da ba a yi wa ba.