Lambobi Gagara-Rabo: Siffofinsu da Rabe-Rabensu

1.0 Gabatarwa

Ilmin lissafi daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa. Tun a shekarar 1732 Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyar tsara hatimi mai gidaje mara. Sai dai har yau akwai fannonin lissafi da ba a cika bayyana su da Hausa ba. Manufar wannan maƙala ita ce fito da siffofin lambar da za a kira "gagara-rabo", bisa ƙirar kalmomi irin su "gagara-badau".

2.0 Ma'ana

Gagara-rabo ita ce lambar da ta haura 1, wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. Alal misali, idan 'yan kasuwa a Nassarawo ta Jimeta suka haɗa jari suka sayi buhun masara 30, za su iya kasa shi biyu, ko uku, ko biyar. In kuwa 31 ne, kowane kashi aka yi sai an bar saura, sai fa a ba mutum 31 buhu ɗai-ɗai. Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Iƙlidisu ya tabbatar cewa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka.

3.0 Rabe-Rabe

Akwai "tagwaye", wato biyun da 2 ce kawai ta raba tsakaninsu, kamar 11 da 13. Akwai na Sophie Germain, waɗanda in an ruɓanya su aka ƙara 1 sai a sami wata gagara-rabo, kamar 11 da ke haifar da 23. Sannan akwai na Marin Mersenne, malamin Faransa, waɗanda ake samu in an jera 2 sau da yawa, aka ninka su, aka ɗebe 1. Jerin biyar yana ba da 32, a ɗebe 1 ya zama 31. Wajibi ne adadin jerin ya kasance gagara-rabo, amma hakan bai wadatar ba, domin jerin 11 yana ba da 2047, wato 23 sau 89.

4.0 Babbar Lambar 2024

A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da lambar jerin 127, mai alƙaluma 39, ba tare da na'ura ba. A watan Oktoban 2024 kuwa, Luke Durant na shirin GIMPS ya gano ta jerin 136,279,841, mai alƙaluma 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani a ajin Mersenne. Alƙalaminta na ƙarshe 1 ne. In an ƙara mata 2, jimlar tana rabuwa da 3, don haka ba ta da tagwai a samanta. Haka kuma kowace lambar wannan aji tana haifar da "cikakkiyar lamba", wadda jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, take daidai da ita, kamar yadda 7 sau 4 ke ba da 28.

5.0 Kammalawa

Ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi, amma warware sakamakon ya koma asalinsa yana gagarar kwamfuta. A kan wannan aka gina tsarin RSA na 1977, ɗaya daga hanyoyin sirranta mu'amalar banki ta intanet. Saboda haka samar da daidaitattun kalmomin wannan fanni a Hausa nauyi ne da ya rataya a wuyan masana harshe da na lissafi baki ɗaya.