Kafin a kai shi gidan mari

A ranar 26 ga Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. Cikin makonnin da suka biyo baya aka bankaɗo irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya, gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe na jiharta. An yi ta Allah wadai da masu gidajen, kuma sun cancanta. Abin da aka yi saurin tsallakewa shi ne ba sato mutanen nan aka yi ba. Akasarinsu iyayensu ne suka kai su da ƙafarsu, suka biya kuɗi, suka yi wa malam godiya, suka koma gida suna ajiyar zuciya.

Yawancin waɗanda aka samu samari ne da ake zargi da shaye-shaye ko ɗauke-ɗauke. Amma in ka zauna da uwar irin wannan saurayi, da wuya labarin ya fara daga shekara goma sha bakwai. Za ta ce maka tun yana ɗan shekara huɗu yake cizon ƙannensa, yana da shida aka koro shi daga Islamiyya, yana da takwas maƙwabta suka hana 'ya'yansu wasa da shi. Waɗannan shekarun na farko su ne abin dubawa, lokacin da yaro bai wuce a ɗauke shi cak ba amma gida ya riga ya fara cewa ya gagara.

Ba ƙiriniya ake nufi ba. Richard Tremblay, wani masani a Montreal ta Kanada da ya shafe shekaru yana bin rayuwar dubban yara, ya nuna cewa babu lokacin da ɗan Adam ya fi yawan duka da cizo da ture kamar tsakanin shekara biyu zuwa uku da 'yan kai. Daga nan abin yake raguwa, saboda yaro ya samu baki, ya koyi jira, ya gane cewa roƙo ya fi ƙwace riba. Wato faɗa ba koyonsa ake yi ba, barinsa ake koyo. Kaɗan ne daga cikin yara ba sa yin wannan saukowar. Su ne za ka ga ɗan shekara shida yana fasa kan ɗan'uwansa da dutse, yana azabtar da kyanwa, yana wasa da ashana a ɗakin kwana, fushinsa ya kai awa guda bai huce ba, kuma haka yake a gida da makaranta da gidan kakarsa, wata da watanni.

Da an ga irin wannan yaro, unguwa ta riga ta yanke hukunci: uwarsa ce ta sangarta shi. Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa, in ji Bahaushe, jifan kuwa kan uwar yake sauka, uban yana majalisa. Ba mu kaɗai muke da wannan hali ba. A 1967 Bruno Bettelheim ya wallafa littafi a Amurka yana ɗora wa iyaye mata masu sanyin hali laifin lalurar galahanga, aka yi shekaru ana ƙuntata wa mata da wannan zance kafin bincike ya rushe shi.

Gaskiyar ita ce yara ba da hali ɗaya ake haihuwarsu ba, duk macen da ta goyi biyar ta san haka. Kusan biyar cikin ɗari na yaran duniya suna da lalurar rashin natsuwa da kasa zama wuri ɗaya, wadda likitoci ke kira ADHD, kuma gado yana da babban hannu a cikinta. A ƙasarmu akwai ƙarin dalilai da ba a cika lissafawa ba. Jaririn da ya sha wahalar doguwar naƙuda bai yi kuka da wuri ba, wanda shawara ta kama aka tsaya shanya shi a rana, wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ko ya tashi daga sanƙarau, duk suna iya fitowa da canjin hali daga baya. Gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, sanannen abu ne a likitance cewa waɗanda ta bari da rai tana rage musu fahimta, tana sa su saurin fushi. Sai kuma wanda ya fi ban tausayi, yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa har jinsa ya ragu. Ana kiransa ba ya amsawa, ana dukansa a kan rashin ji, alhali da gaske ba ya jin.

Wannan duka bai wanke iyaye ba. Ko da ba su suka jawo matsalar ba, abin da ake yi da ita kullum a tsakar gida shi yake sa ta lafa ko ta ƙazanta. Gerald Patterson da abokan aikinsa a jihar Oregon sun shiga gidajen mutane sun zauna suna rubuta abin da ke wakana tsakanin iyaye da kangararrun yara, magana bayan magana, ya fitar da sakamakon a 1982. Abin da ya gani babu Bahaushen da ba zai gane shi ba.

Ga yaro ɗan shekara biyar ya ɗauki wayar uwarsa. Ta ce ya ajiye, ya yi kamar ba da shi ake ba. Ta ɗaga murya, ta fizge. Ya zube a ƙasa yana birgima, yana buga ƙeya da siminti, ya shure tukunyar miya. Kaka ta leƙo daga ɗaki: "Ke, ba maigidana wayar nan mana, kashe min shi za ki yi?" Ga kishiya tana kallo, ga tuwo a wuta. Uwar ta miƙa masa, gida ya yi tsit. A wannan minti ɗaya mutum biyu sun ɗauki darasi. Yaro ya gane cewa in ihu bai yi ba, buga kai zai yi. Uwa ta gane cewa sakin wayar yana sayo mata sauƙi. Bayan isha'i uba ya dawo, aka kai masa ƙara, ya zaro dorina ya zane yaron a kan abin da shi yaron ya riga ya manta. Gobe a sake, jibi a sake, kowane zagaye sai ya fi na baya zafi.

A nan ne na rabu da masu cewa maganin kangararre duka ne. Da duka yana magani, da an daɗe da gamawa, don babu yaron da ya fi shan sa kamar wannan. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ke yi tare da UNICEF ta sha nuna cewa fiye da takwas cikin goma na yaran Najeriya ana horonsu da duka ko tsawa mai muni. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000, ba su samu shaidar cewa duka yana gyara hali ba, sai ma alaƙarsa da ƙarin faɗa da taurin kai. Yaro mai sanyi yana iya shan mari ɗaya ya shiga taitayinsa, shi ya sa kowa ke cewa ai mu ma an doke mu. Yaron da muke magana a kansa fatarsa ce take sabawa, sai a ƙara nauyin bulala, daga bulala sai kulle a ɗaki, daga ɗaki sai igiya. Marin Rigasa ƙarshen wannan hanyar ne.

Addini da doka sun yi ittifaƙi a wuri ɗaya: ƙaramin yaro ba shi ne abin tuhuma ba. Duk wanda ya karanci Risala a zaure ya san cewa gangancin yaro hukuncin kuskure ake ba shi. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta ce abin da yaro ƙasa da shekara bakwai ya aikata ba laifi ba ne, daga bakwai zuwa goma sha biyu kuma sai an tabbatar yana da hankalin gane abin da ya yi. To in an ɗauke wa yaro, nauyin bai ɓace ba, kan manya ya koma. Fiƙihun Malikiyya ya ba uwa reno, ya ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa da kula da tarbiyya, ko da aure ya mutu. Uban da ya saki mace ya bar mata yaron da ya gagare su su biyu, ko ya tura shi riƙo wajen gwaggo a ƙauye, ko ya haɗa shi da allo ya sa a mota yana ɗan shekara shida don gida ya huta, ya san a ransa ba neman ilimi ya tura shi ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Me ake nema a wajen iyaye ke nan? Na farko, a kai yaro a duba shi kafin a yanke cewa iskanci ne ko iskokai. Addu'a da ruƙiyya ba su hana a gwada kunne da ido, a tambayi ko yana ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi, wanda wani nau'in farfaɗiya ne, a kuma bincika a hankali ko wani babba yana taɓa shi, don canjin hali na farat ɗaya sau da yawa daga nan yake. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai Dawanau da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Kunyar kada a ce ɗan wane an kai shi asibitin mahaukata ta cinye shekarun yara da yawa. Sannan a kare sauran: yaron da yake jifa da abin da ya samu ba a barinsa da jariri, ba a ajiye wuƙa da fetur da fiya-fiya inda hannunsa zai kai, kuma in ya fasa kan ɗan maƙwabci a je a ba da haƙuri, a biya kuɗin magani, ba a fito da zani a ɗamara ba.

Babban aikin kuwa, wanda iyaye ba sa son ji, shi ne maganin da ya fi tabbata ga yaro ƙasa da shekara goma iyayen ake koya wa, ba shi ba. A ware masa 'yan mintuna kullum a yi wasa da shi ba gyara ba tsawa. A yabe shi nan take in ya yi daidai, a faɗi abin da ya yi ɗin, domin irin wannan yaro yakan wuni bai ji sunansa ba sai da zagi a gaba. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a gaban idonsa, ba daga madafa ba. In an ce a'a ta zauna a'a ko zai yi birgimar awa guda, hukunci kuma ya zama ƙarami, na take, irin wanda za a iya maimaitawa gobe ba tare da an ji masa ciwo ba. Makonnin farko abin ƙaruwa yake yi kafin ya sauka, a nan mafi yawa suke sarewa. Kuma ba ya yiwuwa sai bakin manyan gida ya zo ɗaya, har da kaka, wadda shawo kanta ya fi na jikan wuya.

Gwamnati ma da nata. Wani bincike da aka buga a 2001 ya bi yara a Landan daga shekara 10 zuwa 28, ya gano cewa masu tsananin matsalar hali sun ci wa hukuma kuɗi ninki goma na waɗanda ba su da matsalar hali ko kaɗan, mafi yawa a kotu da kurkuku. Mu a nan, sai a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, masu duba yara a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Jiran su ɓata lokaci ne. A Afirka ta Kudu an tsara wani shiri tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, zama goma sha biyu ga iyayen yara 'yan shekara biyu zuwa tara, kuma mutanen unguwa aka horar suke koyarwa, ba likitoci ba. Malaman Islamiyyar matan aure da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi za su iya ɗaukar irinsa. Mata za su cika ajin tun ranar farko. Yadda za a taso maza daga majalisa su zauna a koya musu zama da ɗan shekara biyar, wannan sai limaman Juma'a da masu unguwanni sun sa baki.