Takobin da ke kunna fitila: abin da ya kamata mutanen Gwarzo da Kabo su sani

A fagen dambe ba a neman shaida. Da zarar ɗan dambe ya kai gwiwa ko hannu ƙasa, an yi kisa, kuma duk wanda ke wurin ya gani, tun daga makaɗi har yaron da ya leƙo ta kan katanga. Haka kokawa take. Wasannin da muka gada suna da wannan sauƙin, ido kaɗai ya isa ya yanke hukunci. Amma akwai wani wasan jarumta a duniya wanda ido ya daɗe da gazawa a kansa, har ya zama dole a miƙa wa lantarki rabin aikin alƙali. Shi ne wasan takobi na zamani, wanda ake kira fensin, ɗaya daga cikin wasanni ƙalilan da ba a taɓa yin gasar Olamfik babu su ba tun daga ta farko a 1896.

Wasan bai riga ya zama abin da aka saba gani ba a filayen Gwarzo, Getso, Kabo ko Garo. Sai dai ya matso kusa fiye da yadda mutane ke zato, domin a shekarar 2025 birnin Legas ne ya karɓi baƙuncin gasar fensin ta nahiyar Afirka. Abin da ya isa Legas kuwa ba ya daɗewa bai hau motar Kano ba, wanda ya sauka Kano kuma hanyar Kabuga ce kawai tsakaninsa da mu. Gara a san shi tun bai zo ba, musamman kayan aikinsa, don a nan ne ake yawan asarar kuɗi.

Mutum biyu ne ke fuskantar juna a kan wani fili siriri mai tsawon mita 14, faɗinsa bai wuce mita biyu ba. Kowa ya rufe fuskarsa da hular raga ta ƙarfe, ya sa farar riga mai kauri. Takobin ba shi da kaifi, ba shi da tsini, kuma yana lanƙwasa idan ya taɓa jiki. Burin kawai shi ne ka taɓa abokin karawarka kafin ya taɓa ka. Takubban iri uku ne. Akwai efe, wanda da shi ko'ina a jiki halas ne, daga kai har ɗan yatsan ƙafa. Akwai foyil, wanda gangar jiki kaɗai ake nema da shi. Akwai sabar, wanda ake sara da shi daga ƙugu zuwa sama. A zagayen farko na gasa wanda ya fara taɓawa sau 5 ya ci, a zagayen kifa ɗaya ƙwala kuma sai an kai 15.

Matsalar ita ce sauri. A da, alƙali ɗaya ne ke tsakiya, mutum huɗu suna gefe suna zura ido, su ɗaga hannu idan sun ga an taɓa. Har launi aka riƙa shafa wa bakin takobi don ya bar tabo a farar riga. Duk da haka gardama ba ta ƙare ba, domin alƙalan gefe mutane ne, suna da ƙasa, suna da wanda suke so. Sai aka kawo lantarki: efe ya fara a Olamfik ta Balin a 1936, foyil ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1950, sabar kuma bai samu nasa ba sai ƙarshen shekarun 1980.

Yadda abin ke aiki ba wani sihiri ba ne, duk yaron da ya taɓa haɗa batir da ƙwan tocila zai gane shi. A bakin takobin efe akwai ɗan maɓalli mai sifirin a ciki. Wayoyi biyu sirara suna kwance cikin wata kwarya da aka tsaga a jikin ƙarfen, daga baki har mariƙi. Idan aka danna maɓallin da nauyin da ya haura giram 750, wayoyin su haɗu, wuta ta wuce, fitila ta kama, ƙararrawa ta yi ƙara. Na foyil giram 500 ne. Ɗan wasa ɗaya fitilarsa ja ce, ɗayan koriya. A efe, idan su biyun suka taɓa juna a tsakanin lokacin da bai wuce kashi ɗaya cikin 25 na sakan ba, fitilu biyu za su kama, kowa ya samu maki. In ɗaya ya makara da fiye da haka, na'urar ta riga ta rufe masa ƙofa. Babu idon ɗan Adam da zai iya raba wannan gardama.

To amma ta ina saƙon ke bi daga takobi ya isa akwatin fitila? Nan ne wahalar take. Waya ce ke fita daga mariƙin takobi, ta bi cikin hannun riga, ta fito ta bayan ɗan wasa. A can sai a maƙala ta da wata doguwar waya da ke fitowa daga wani akwati a ƙarshen fili, mai sakin waya idan ɗan wasa ya yi gaba, ya naɗe ta idan ya ja baya, kamar tef ɗin awo na magina. Daga wannan akwati wata wayar ta bi ƙasa zuwa babbar na'ura, ita kuma tana jiran wutar soket. Wato kowane ɗan wasa a ɗaure yake ta baya. Kuma duk mahaɗa ɗaya wurin lalacewa ce. Sifirin ɗin naɗe waya ya saki, waya ta tsinke a ciki ba a gani, soket ya yi tsatsa. Masu ƙungiyoyin wasan a ko'ina sun san cewa wani babban kaso na lokacin atisaye yana tafiya ne wajen shimfiɗa wayoyi, da neman inda ta katse, da naɗe su idan an tashi.

Wannan ne ya sa aka daɗe ana neman yadda za a yanke igiyar. A manyan gasanni an fara da sabar, har a Olamfik ta Atina a 2004, da wata na'ura ta kamfanin StM na ƙasar Yukren, daga baya sauran takubban suka bi. Amma waccan ta manyan gasa ce, tana da tsada, tana buƙatar ma'aikatanta. Abin da ya shafe mu shi ne ƙananan da aka ƙera daga baya don ƙungiyoyi da makarantu, irin na kamfanin Leon Paul na Ingila, da Favero na Italiya, da EnPointe na Ostareliya. Duk tsarinsu ɗaya ne. Ɗan wasa zai jona wayar jikinsa da wani ɗan ƙaramin akwati mai batir, ya jefa shi a aljihun baya ko ya maƙala a ƙugu. Idan takobi ya taɓa, akwatin ya aika saƙo ta iska zuwa inda fitilu suke. Babu abin shimfiɗawa, babu abin naɗewa. Kayan fili guda sai su shiga jakar makaranta.

Mutumin da ke zaune inda wuta ba ta ɗaukewa zai ce wannan sauƙi ne kawai. A wurinmu ya wuce sauƙi. Wanda ya san yadda wutar lantarki take a garuruwan yammacin Kano ya san cewa duk wasan da ya dogara da soket ya mutu tun kafin a fara shi. Na'urar da ke aiki da batir kuwa, rumfar cajin waya mai sola ta isa ta rayar da ita. Kuma ba ta ɗaure mutane a ɗaki ɗaya. Yau a yi atisaye a zauren taro na makarantar sakandare a Gwarzo, gobe malami ya saka jakarsa a bayan babur ya tafi Kabo. Malami ɗaya da kaya ɗaya za su iya ciyar da garuruwa uku ko huɗu, abin da ba zai yiwu da tsohon tsari ba.

Sai dai kada a ɗauka ba ta da aibi. A tsarin mai waya, garkuwar da ke kare hannu a mariƙin takobi a haɗe take da na'ura, haka ma shimfiɗar ƙarfe ta filin gasa. Saboda haka in ka soki garkuwar abokin karawarka ko ka soki ƙasa, na'urar ta san ba jiki ba ne, fitila ba za ta kama ba. Da aka cire wayar, sai ya zama dole ƙaramin akwatin ya gano wannan bambanci ta wata dabara, ta hanyar auna ɗan siginar da ke ratsa ƙarfe da jikin ɗan wasa. Wannan awo kuwa gumi na iya rikita shi, haka jiƙaƙƙiyar safar hannu. Wasu na'urorin sai an saita su kafin kowace karawa, kowa ya taɓa garkuwar ɗan'uwansa da bakin takobi. A zafin watan Afrilu na ƙasar Kano, inda mutum zai jiƙe sharkaf cikin rigar mai kauri kafin minti goma, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙurar hunturu ma tana da nata, tana shiga cikin maɓallin bakin takobi ta hana shi motsi, sai an kwance an goge. Kuma a kan daɓen siminti, in takobin efe ya soki ƙasa fitila za ta kama, sai alƙali ya soke makin da bakinsa. Don haka ne ma ake sayar da yawancin waɗannan na'urori a matsayin kayan atisaye, gasa ta hukuma kuma tana da nata sharuɗɗan daga hukumar wasan ta duniya, FIE, wadda aka kafa a Faris a 1913.

Na'ura kuma ba ta maye gurbin amana. A Olamfik ta Montiriyal a 1976, wani ɗan wasan Tarayyar Sobiyet mai suna Boris Onishchenko ya ɓoye ɗan maɓalli a mariƙin takobinsa, yana dannawa fitila ta kama ko bai taɓa kowa ba. Ɗan Ingila Jim Fox ne ya lura cewa an ba da maki alhali takobi bai iso jikinsa ba. Aka kwance takobin, asiri ya tonu, aka kore shi daga gasar. Ba ta maye gurbin alƙali ma. A foyil da sabar, idan fitilu biyu suka kama tare, alƙali ne ke duba wanda ya fara kai hari bisa ƙa'ida ya ba shi makin. Fitila tana faɗin cewa an taɓa, ba ta faɗin wanda ke da gaskiya.

Na san abin da iyaye za su fara cewa, kuma suna da hujja. A jihar da ta sha fama da faɗan daba, wa zai yarda a miƙa wa ɗansa takobi a ce wasa ne? Amsar ita ce wannan ƙarfen ko albasa ba zai yanka ba, kuma wasan yana koya wa yaro abin da daba ba ta sani ba: ya tsaya cak idan alƙali ya ce tsaya, ya gaida abokin karawarsa kafin a fara da bayan an gama, ya karɓi kaye ba tare da zare ido ba. Mu da muka san takkai, inda samari ke haɗa sanduna bisa kiɗa ba wanda ya fasa wa wani kai, bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Misirawa suna da nasu wasan sanda, tahtib, kuma su ne ke gaba a fensin a Afirka: Alaaeldin Abouelkassem ya ci azurfa a Landan a 2012, Mohamed El-Sayed ya ci tagulla a Faris a 2024. Ga 'yan mata kuma akwai abin dubawa. Kayan wasan suna rufe jiki daga kai har ƙafa, kuma Ibtihaj Muhammad, Musulma 'yar Amurka, da hijabinta ta ci tagulla tare da tawagarta a Riyo a 2016. Wasanni kaɗan ne za a iya faɗin haka a kansu.

Haɗarin da ke akwai na gaske yana wurin karyewar takobi ne, domin guntun da ya karye yana da tsini. A gasar duniya ta Roma a 1982, takobi ya karye ya huda hular zakaran Sobiyet Vladimir Smirnov, ya rasu bayan kwanaki. Bayan wannan ne aka tsaurara dokar ingancin ƙarfe da hula da riga. Shi ya sa duk wanda ya ce zai kwaikwayi wasan da rodi ko sandar ƙarfe da hular babur, ya ji tsoron Allah ya bari.

A ganina, wanda ke son kawo wasan nan Gwarzo ko Kabo, shugaban makaranta ne, ɗan siyasa ne mai neman abin da zai yi wa matasa, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, kada ya fara da na'ura. Mun saba ganin an sayo kaya masu walƙiya, an yi bikin ƙaddamarwa, an kulle su a sito har ɓera ya ci. A fara da malami, a tura matashi ɗaya ko biyu su koyo a hannun hukumar fensin ta Nijeriya. Sai hula da riga masu inganci. Watannin farko duk koyon taku ne da tsayuwa, ba sa buƙatar fitila ko ɗaya. Idan lokacin na'ura ya yi, a zaɓi efe, domin shi kaɗai ne ba ya buƙatar ƙarin rigar ƙarfe mai tsada da foyil da sabar ke nema, kuma dokarsa ta fi sauƙin fahimta ga ɗan kallo. A sayi marar waya, a tambayi mai sayarwa yadda ake samun batir da bakin takobi idan sun lalace, tunda da kuɗin waje ake sayen komai nasu.

Gyara kuwa ba sai an je Turai ba. Masu gyaran waya da ke bakin tasha suna yin aikin dalma da ya fi wannan wuya kullum. Kuma tunda Gwamnatin Tarayya ta kafa babbar makarantar fasaha a Kabo, ga aiki nan ga ɗaliban lantarki: ƙaramar na'urar atisaye ta efe, maɓalli ne da batir da ɗan abin aika sigina da fitila biyu. Malamansu su ba su ita a matsayin aikin kammala karatu.