Wasan Kwamfuta Ya Kai Ni Gaban Ganuwar Kano

A zangon farko na shekarata ta biyu a jami'a, a Dutse, abokin zamana a ɗakin kwana yana da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ba ya rabuwa da ita. Da zarar an kawo wuta, sai ka ga samari sun zagaye shi suna kallon wani wasa mai suna Age of Empires III. Irin wasannin nan ne na dabarun mulki: a ba ka ƙaramin gari da mutane kaɗan, ka yi noma, ka tara dukiya, ka gina ganuwa, ka kafa runduna, har ka zama daula.

Ni dai da farko ban damu ba. Ranar da hankalina ya koma kansa ita ce ranar da na ga kalmar “Hausa” a jerin al'ummomin da ake zaɓa. A watan Agusta na 2021 masu wasan suka fitar da wani ƙari mai suna The African Royals, inda suka shigar da Hausawa da Habashawa. Babban birnin Hausawa a ciki shi ne Kano, jagorarsu kuma Sarauniya Amina ta Zazzau. Cikin mayaƙan akwai wani mahayi da suka sa wa suna “Lifidi”.

Abokin nawa, wanda ba Bahaushe ba ne, ya juyo ya ce, “Kai da kake ɗan gida, mene ne lifidi?” Na yi tsuru-tsuru. Na san sunan hasumiyar Eiffel ta Faransa da dalar Giza ta Masar, amma na kasa bayanin kalmar da ta fito daga harshena. Wallahi na ji kunya.

Da aka yi hutu na koma gida Garki, na sami kakana a zaure bayan la'asar na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, “Yaro, duk hawan Sallar da ake kai ku kallo, ashe idonku kawai ke zuwa?” Ya bayyana mini cewa lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa domin kibiya ko mashi su kasa ratsawa. Daga baya na karanta a tarihin sarakunan Kano cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali Kano. Har yau 'yan lifidi suna fitowa a hawan Sallah, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a adana.

Wannan ya sa na tara kuɗin mota na tafi Kano. Na fara da Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, ga shi kusa da Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a mulkinsa na 1463 zuwa 1499. Na ratsa Kasuwar Kurmi, wadda ita ma a zamaninsa aka kafa ta, na hau Dutsen Dala na hango birni. Daga nan na je ganin ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa kimanin shekara 900 da suka wuce.

A nan ne jikina ya yi sanyi. A cikin wasa, idan abokan gaba suka rushe maka ganuwa, sai ka tura magina su gyara cikin minti ɗaya. A zahiri kuwa, na ga wuraren da badala ta zube, wasu wuraren an ɗebe ƙasarta, wasu an yi gini a kai, wasu sun zama juji. Tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin wuraren da Najeriya ke fatan UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma har yanzu guda biyu kacal ƙasar ke da su: Sukur a Jihar Adamawa, tun 1999, da dajin Osun-Osogbo, tun 2005. Abin da ya rushe ba a kai shi gasa.

Akwai wani wasan mai suna Civilization VI da ya fito a 2016, inda ake rige-rigen gina mashahuran gine-ginen duniya. A 2019 aka ƙara masa daular Mali ƙarƙashin Mansa Musa, sarkin da ya yi shahararren aikin hajji a 1324, tare da Jami'ar Sankore ta Timbuktu. A wasan, duk wanda ya gina Sankore, ayarin fatake ne ke ƙara masa ilimi. Wannan kuwa ba ƙirƙira ba ce: raƙuman da suka ratsa Sahara da gishiri da zinariya, su ne suka ɗauko littattafai da malamai. Ta irin wannan hanya Shehu Al-Maghili ya iso Kano a zamanin Rumfa.

Sai dai ku lura, ƙannena, wasa ba littafin tarihi ba ne. Masu shirya shi nishaɗi suke sayarwa, don haka sukan haɗa zamanin da bai haɗu ba, su bai wa sarki abin da bai taɓa gani ba. Ga kuma cin lokaci. Ni kaina akwai daren da na raba a gaban allo, washegari na shiga gwaji ina gyangyaɗi, makin da na samu kuwa ba na son tunawa da shi. Mai shirin WAEC ko NECO ya bari sai hutu.

Abin da ya amfane ni shi ne ɗabi'ar da na ɗauka: duk sunan da na ci karo da shi a wasa, sai na rubuta a bayan littafina, na nemi malamin tarihi ko wani dattijo na tambaya. Kuma ba sai kana da kwamfuta ko kuɗin jirgi ba. A nan Jigawa muna da zane-zanen da mutanen dā suka yi a jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda ake ganin hotunan shanu masu dogayen ƙaho. Akwai unguwar Garu a Dutse, tsohon mazaunin sarauta a tsakiyar duwatsu. Ku roƙi malaminku ya shirya muku ziyara ko da sau ɗaya ne a shekara, kowa ya tafi da littafi da biro.

Da muka koma makaranta, na zaunar da abokina na yi masa bayanin lifidi tun daga auduga har zuwa Kanajeji. Yanzu shi ke damuna da tambayar yaushe za mu je Birnin Kudu. Mun sa rana: Asabar ta farko bayan jarrabawa, in Allah ya kai mu.