Yadda Dawuda Ya Haɗa Yahuza da Isra'ila

Bayan mutuwar Saul a Dutsen Gilbowa, ƙasar ta rabu biyu. Mutanen Yahuza suka naɗa Dawuda a Hebron, Abner kuwa, shugaban sojojin Saul, ya naɗa Ish-boshet ɗan Saul a Mahanayim, hayin Urdun. Dawuda ya yi shekara 7 da wata 6 yana sarautar Yahuza kaɗai, ana ta yaƙi tsakanin gidajen biyu.

Mu lura da kyau, Dawuda bai ci arewa da takobi ba. Abner ne ya ɓata da maigidansa, ya zo neman sulhu. Da Yowab ya kashe Abner don ramuwar jinin ƙanensa Asahel, saura kaɗan shirin ya rushe. Sai Dawuda ya bi gawar yana kuka a gaban jama'a, ya ƙi cin abinci har faɗuwar rana, don kowa ya san ba hannunsa a ciki. Waɗanda suka kashe Ish-boshet suka kawo kansa suna sa ran tukwici, ya sa aka kashe su. Bayan haka ne dattawan Isra'ila suka zo Hebron, ya yi alkawari da su a gaban Ubangiji, suka shafe shi da mai (2 Sama'ila 5), wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu.

Zaɓen Urushalima hikima ce babba. Birnin yana kan iyakar Yahuza da Biliyaminu, a hannun Yebusiyawa, don haka ba kabilar da za ta ce an fifita garin wata a kanta. Ya kuma kawo akwatin alkawari can, fada da wurin sujada suka zama gari ɗaya.

Amma ɗinkin bai ɓace ba. Ko a zamanin Dawuda, Sheba ɗan Bikri ya busa ƙaho, mutanen arewa suka bi shi. Masu wa'azi sukan ɗora wa Rehobowam laifin rabuwar duka, alhali kayan tun Sulemanu suka yi nauyi: hakimai 12 masu tara abincin fada, da mutum 30,000 na aikin tilas a Lebanon. Abin da ya kai Rehobowam Shekem ma shi ne, sai arewa ta yarda kafin ya zama sarkinta, kamar yadda ta yarda da kakansa. Dattawa suka ba shi shawara ya sassauta, ya bi ta samari. Da ya aiki Adoram, shugaban aikin tilas, jama'a suka jajjefe shi da duwatsu har ya mutu, sarki ya hau karusa ya gudu Urushalima (1 Sarakuna 12).